Yadda ake cinikin saniya a kasuwannin karkarar Ailan a da

Kafin kasuwannin gwanjo su yaɗu a shekarun 1950 da 1960, a kan titin gari ake sayar da shanu a ƙasar Ailan, ranar da kasuwar dabbobi ke ci. Mai sayarwa kan taso tun dare, ya koro shanunsa a ƙafa don ya isa kafin gari ya waye. Kada ya sallama a hanya: masu tare shi a hanya don saye sun san bai ji farashin ranar ba tukuna, da araha suke neman saye.

Mai saye zai fara da duba bakin saniyar. Manyan haƙora biyu a gaba na nuna wajen shekara biyu, takwas kuwa saniya ta cika girma. Sannan ya taɓa haƙarƙari, ya duba hantsa, ya kushe ta ko da ba ta da aibu.

Mai saniya ya faɗi kuɗi sama da abin da yake so. Lissafin a fam da sule ne: sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya. Idan ya ce fam 12, mai saye ya taya 10, sai mai saye ya juya kamar ya tafi. Nan aikin dillali yake. Zai janyo shi, ya kama hannayensu biyu, ya raba bambancin, a tsaya a fam 11. Mai saye ya tofa yawu a tafinsa ya tafa na mai sayarwa, ciniki ya faɗa. Wanda ya janye bayan tafi, sunansa ya ɓaci a kasuwar. Nan take a yi wa saniyar alama da jan fenti, ko a datse gashin gindinta da almakashi, kada wani ya sake tayawa.

Biya sai can da rana. Abin da ya fi haddasa rigima shi ne kuɗin sa'a, ɗan abin da mai sayarwa ke mayar wa mai saye, sule ɗaya ko sule biyu da sisi. A yanke shi tun kafin tafi, don mai saye yakan raina abin da aka ba shi.

A zamanin da manoma ke hayar gona, wanda zai iya yakan guji sayarwa gab da watan Mayu ko Nuwamba, lokacin biyan hayar. Masu saye sun san manomi a matse yake, tayinsu kan yi ƙasa.