Yadda za ka zaga Hannibal, ɗan garin bakin kogin Mississippi

Ga waɗanda ke zaune a Amurka ko karatu ya kai su wajen St. Louis da Chicago, akwai wani ɗan gari a jihar Missouri da ake kira Hannibal, mutanensa ba su fi dubu 17 da ɗoriya ba, amma duk shekara baƙi tururuwa suke yi saboda a nan marubucin nan Mark Twain ya tashi. Toh ni shawarata in za ka je kar ka tsaya ga gidan marubucin kawai kamar yadda yawancin mutane ke yi, kogin shi ne ainihin labarin garin, kuma shi ya kamata ka fara gani.

Zuwa dai sai da mota. Daga St. Louis tafiyar kamar awa biyu ce in ka bi babbar hanya mai lamba 61, amma in ba sauri kake ba ka bi ta 79, ita ce ke bin gefen kogi ta ratsa Clarksville da wani gari mai suna Louisiana, ta fi kwane-kwane ta fi cin lokaci amma wallahi ta fi kyaun gani nesa ba kusa ba. Jirgin ƙasan fasinja ba ya tsayawa a Hannibal, wanda ya taso daga Chicago sai ya sauka a Quincy ta ɓangaren Illinois ya nemi mota ya ƙarasa, ba nisa sosai. Ka zaɓi tsakanin Mayu da Oktoba, da sanyi ya shigo wasu wuraren rufewa suke yi.

Kana isa ka ajiye mota kusa da titin Main ka taka zuwa bakin ruwa. Kafin ka kai ga kogin za ka ratsa ta wata katanga da tudun ƙasa da suka raba tsohon gari da ruwa, ka ɗan tsaya a nan ka duba gefen ƙofar da ka bi, za ka ga inda ake zura manyan ƙyamare a toshe hanya in ruwa ya fara hawa. Wannan katangar mutanen garin sun daɗe suna jayayya a kanta, wasu na cewa za ta tare musu ganin kogi, duk da cewa ambaliyar 1973 ta shiga cikin gari ta yi ɓarna. A ƙarshe dai aka gama ta a farkon 1993, sai ga shi 'yan watanni kaɗan bayan nan babbar ambaliyar da ta cinye garuruwa da gonaki a duk yankin ta iso, a watan Yuli ruwa ya kai ƙafa 31.8 a ma'aunin Hannibal, bai taɓa kai haka ba, mutane suka yi ta jibga buhunan yashi a saman katangar dare da rana kuma ta riƙe. Amma fa ba kowa ta kare ba, unguwannin da ke kudu wajen rafin Bear Creek suna waje da ita, ruwa ya shanye su, daga baya hukuma ta sayi gidaje da yawa ta rushe, shi ya sa in ka leƙa can za ka ga filaye fetal da ciyawa a inda da gidajen mutane ne. Ni a ganina wanda bai leƙa wannan ɓangaren ba rabin garin ya gani. A 2019 ma ruwan ya sake hawa ya haura ƙafa 30, daidai shekarar da garin ke bikin cika 200 da kafuwa.

Daga nan sai ka koma titin Hill inda gidan su Mark Twain yake, sunansa na yanka Samuel Clemens, iyayensa sun kawo shi garin a 1839 yana ɗan shekara huɗu ya bar shi a 1853. Tikiti ɗaya ne ke shigar da kai gidan da sauran gine-ginen da ke kewaye har da gidan tarihi da ke kan Main, don haka kar ka yar da shi. A gefen gidan akwai farin shingen katako na labarin Tom Sawyer da Mark Twain ya rubuta, yaron da aka sa fenti ya yi wa abokansa wayo suka yi masa aikin har da biyansa, kowa sai ya ɗauki buroshi an yi masa hoto, kai ma yi abinka ka wuce. In ka zo a satin 4 ga Yuli za ka tarar da gasar fentin shinge da ta tsallen kwaɗi, sai dai cunkoso ba a magana kuma masauki sai wanda ya kama tun da wuri.

Abin da mutane ke tsallakewa shi ne ɗan gidan tarihin nan Jim's Journey da aka buɗe a 2013. Missouri jihar bayi ce a zamanin, gidan su Clemens ma sun riƙe bayi, kuma wannan wurin shi ke ba da labarin baƙaƙen fatar garin tun daga bauta har zamanin da makarantarsu daban ta turawa daban. Ƙarami ne, awa ɗaya ta ishe ka, amma ka duba lokacin buɗewarsu kafin ka je.

Da rana ta take sai kogon nan da ake kira Mark Twain Cave. Yana kudu da gari kaɗan, tun 1886 ake zagayawa da baƙi a ciki, zagayen kamar awa guda ne da ɗan jagora. Ka riƙo rigar sanyi ko da a waje zufa kake, ciki kullum yana wajen digiri 11 ne rani da damina. Bangon cike yake da sunayen mutane dubbai da suka rubuta tun da can, kuma sai a 2019 aka gano inda shi Clemens ɗin ya rubuta nasa bayan an daɗe ana nema.

Maganar abinci, naman alade ya yi yawa a yankin har cikin wake da ganye suna sa shi, ka tambaya kafin ka ci. Mafi sauƙi ka nemi soyayyar tarwaɗa, ita ce abincin bakin kogi, ka kuma tambayi da wane mai aka soya. Ka sa darduma a mota, wuraren shaƙatawa na bakin ruwa akwai sarari.

Da la'asar akwai jirgin ruwan yawo da ke zagayawa da mutane kamar awa ɗaya, daga cikinsa za ka ga gadar da aka buɗe a 2000 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1936, da dogayen jiragen dakon hatsi ana tura su a hankali. In ƙafarka da sauran ƙarfi ka hau tudun Cardiff a ƙarshen titin Main, matakala 244 ce zuwa hasumiyar fitila da ke sama, mai ciwon gwiwa kar ya wahalar da kansa, ya ja mota zuwa dutsen Lover's Leap ta kudu, daga can ma ana hango gari da kogi har gonakin Illinois a tsallake.