Matakan kai rahoto idan 'yan fashin teku sun kawo wa jirgi hari

Da zarar an hango ƙananan jiragen ruwa suna nufo jirgi a guje, sai a sanar da kyaftin, a kaɗa ƙararrawa. Daga nan a danna maɓallin sirri da ke faɗakar da kamfani, a nemi agaji ta rediyon VHF a tasha ta 16. A mashigin tekun Gini, a kira cibiyar MDAT-GoG mai karɓar rahoton hare-hare a wannan yanki, sannan cibiyar IMB da ke Kuala Lumpur, mai karɓar rahoton fashin teku daga ko'ina a duniya, a faɗi sunan jirgi da wurin da yake da yawan maharan. A ƙara gudu, a buɗe mesar ruwa don hana maharan hawa jirgin. Idan suka hau jirgin, kowa ya shige ɗakin tsaro, wato ɗaki mai ƙarfi da aka tanada don ɓuya, ya kulle, wanda aka kama kuwa kada ya yi jayayya da mai bindiga.