Yadda zaka rike yadin satin ya zauna lafiya kafin ka dora masa babban aikin monogiram

Salamu alaikum 'yan uwa masu aikin monogiram, wato dinkin ado na mashin. In Disamba ta karato, duk mai shago a Jos ya san me hakan ke nufi, alkyabbar amarya, zanin gado da filallikansa, bayan rigar dina, duk a yadin satin ake kawo su kuma kowace Hajiya fulawa take so tun daga kafada har kasa. Satin din nan ya taba sa ni asara, zanin gadon wata amarya ne yadi shida, na gama aiki tsaf a cikin firem (zoben da ake daure yadi a ciki) kamar gilashi, ina kwance firem din sai yadin ya tattare a kewayen kowace fulawa kamar bakin jaka, guga bata gyara ba, ruwa bai gyara ba, dole na koma kasuwar Terminus na sayo wani da kudina na kwana biyu ina sakewa. Tun daga ranar na canza yadda nake shirya shi, shi ne nake so in fada muku.

Ka fara sanin halin abin da ke hannunka. Satin ba sunan zare bane, sunan saka ne, ana barin zare daya ya tsallake hudu ko fiye kafin ya nutsa, wannan dogon tsallaken shi ke ba shi sheki da santsi, kuma shi ne dai yake sa zarensa baya rike juna da karfi. Allura na shiga zaren sai ya matsa gefe, dinki na ja sai ya bi. Akwai na foliyesta wanda shi yafi yawa a kasuwarmu, akwai na siliki, akwai mai kauri na rigar amarya da mara nauyi mai zubowa kamar ruwa, wannan na karshen shi yafi wahala. Kuskuren da na yi a zanin gadon nan shi ne na ja yadin a firem har ya yi tauri kamar fatar ganga, dinkin ya kama shi a jaye, da na sake shi sai wurin da babu dinki ya koma yadda yake, wurin dinki kuma ya kasa komawa. Toh abin da zaka ja ya yi tauri shi ne sitif din da ake sa wa a kasan yadi don ya rike shi, shi satin shimfida shi kawai ake yi.

Maganar sitif, wanda turawa ke cewa sitabilaiza (ba na wutar lantarki ba, na bayan yadi). Wanda yafi yawa a shagunanmu shi ne mai yagewa kamar takarda, yana da arha kuma a shadda ko yadin kaftani yana aiki lafiya lau. Amma a babban aikin satin gaskiya bana yarda da shi shi kadai, saboda allura in ta huda shi sau dubbai a wuri daya sai ya tsage da kansa tun aiki bai kai rabi ba, daga nan satin ya zama shi kadai da zare, shi kenan layin gefe ya daina haduwa da cikon. Mai yankewa ake so, wanda sai da almakashi ake cire shi kuma yana zama a bayan aikin har bayan wanki. Mafi kyau a ciki shi ne mai laushin nan mai kama da gidan sauro wanda yake da gam a fuska daya, baya sa yadi ya sandare kuma baya nunawa sosai ta gaba ko da satin din fari ne. In baka samu ba ka nemi gam site, wanda teloli ke mannawa a bayan yadi, mafi laushi na yadi, kar ka dauki mai kaurin nan na kwalar riga, zai kashe zubin satin din gaba daya.

Kar ka yanka rigar tukuna. Ka zana fatin dinta da alli ta baya, ka bar rarar yadi kamar inci uku zuwa hudu ta kowane gefe, aiki in yayi yawa yana cinye yadi kadan, in ka riga ka yanka daidai awo zaka tarar ya gajarce. Ka bi bakin yadin da zigzag don satin akwai zarewa. Sannan ka lura da kwanciyar shekinsa, in ka juya kai kasa launin yana dan canzawa a haske, saboda haka duk bangarorin su fuskanci waje daya, ka sa 'yar alama ta baya.

Wajen manna gam din, ka kifa satin a kan tebur mai tsabta da aka shimfida wa farin kyalle, ka dora mai gam a bayansa ya wuce girman dizayin din sosai ta yadda firem zai kama shi ta ko'ina, ka rufa wani kyalle a sama sannan dutsen guga mara zafi sosai. Dannawa zaka yi ka daga, ka danna ka daga, banda gogawa, gogawa na tura yadin ya manne a karkace. Foliyesta baya son zafi, yana iya kyalli ko ya narke, siliki kuma digon ruwa na bar masa tabo, don haka ka zubar da ruwan cikin dutsen gugar kafin ka fara, dutsen gawayi kam kar ma ya matso kusa. Ka bar shi ya huce a shimfide kafin ka daga.

In dizayin mai nauyi ne, irin wanda dinkinsa ya kai dubu hamsin ko sama, ina kara shafi na biyu, in juya shi a gicciye da na farko don kowanne ya rike bangaren da dayan ke mikewa. Wannan na biyun shi nake daurewa a firem ya yi tauri, in fesa masa gam na wucin gadi irin 505, a sitif ake fesawa ba a satin ba kuma nesa da mashin, sai in shimfida yadin in bi da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe. Ga satin mara nauyin nan haka nake barin shi a saman firem ba tare da zobe ya danne shi ba. Satin mai kauri kuwa da babban aiki nafi son firem ya kama su duka, amma sai na nade zoben ciki da siririn kyallen auduga, in sassauta sukurun tun kafin in danna, in ba haka ba zoben zai murkushe shekin ya bar da'irar da bata fita. Wanda Allah ya hore masa firem mai maganadisu ya huta da wannan. Kuma da zarar ka rufe firem kar ka ja gefen yadin wai kana gyara, in ka ga kumburi ka bude ka sake daga farko.

Wani abu da mu 'yan Jos ya kamata mu kula da shi, sanyin hunturu na sa hannu kaushi, kuma kaushin yatsa kadai ya isa ya fizgi zaren satin. Ka sa mai da daddare, da safe ka wanke hannu ya bushe kafin ka taba yadi, saboda man ma tabo ne. Yaran shago su cire zobe da agogo, a goge kurar teburin mashin kullum. Bushewar iskar kuma tana sa foliyesta ya rika mannewa da komai yana jawo kura da guntayen zare, ka duba karkashinsa kafin ka danna fara.

Allura sabuwa dal, mai kaifin baki, lamba 75/11 ko 70/10 in yadin siriri ne, masu manyan mashina irin Tajima sun san tasu DBxK5 ce. Tsohuwar allura ko da ido bai ga lahaninta ba tana jan zare daya ya yi dogon layi a fuskar yadin kuma wannan layin baya gyaruwa. Zaren sama lamba 40 yadda aka saba, na bobin (na kasa) siriri. Ka dan sassauta tenshan (karfin jan zare) na sama, ka juya bayan gwaji ka gani, zaren bobin ya fito a tsakiya kamar kashi daya cikin uku. Gudun mashin ka sauke shi wajen 500 zuwa 600 a minti, na san aiki ya taru kuma kowa na sauri, amma a satin gudu na kara ja.

Rabin matsalar kuma tun a kwamfuta take. Dizayin da aka yi wa shadda ko hula kar ka dauko fayil din ka dora wa satin haka nan. Ka bude shi a Wilcom, manhajar tsara dizayin, ka rage cunkoson dinki, tazarar da aka saba 0.4 ce ta milimita, ka bude ta zuwa 0.45 ko 0.5, manyan wuraren da aka cike da tatami (dinkin ciko) ka rage su ko ka mayar da su budadden zane, dama satin da kansa ado ne, ba sai ka rufe shi duka ba. Ka bar dinkin shimfida na karkashi mara nauyi don shi ke daure yadi da sitif kafin na sama ya hau, ka kara 'yar rarar ja, wato dan karin fadin dinki saboda jan da zare ke yi wa yadi, sannan ka tsara aikin ya fara daga tsakiya ya fita waje ta yadda duk wani kumburi zai gudu gefe maimakon ya makale tsakanin fulawa biyu. Kafin komai ka sa mashin ya zagaye da dogon dinkin rike, amma ka yi kokari ya fada inda aiki zai rufe ko inda za a dinke, don ramin allura na iya nunawa. In zaka cire shi ta baya ake yanke zaren bobin, na sama ya zare da kansa.

Babban aiki ba zai shiga firem daya ba, nan ne ake gane gwani. Ka buga dizayin a takarda daidai girmansa, ka jera a kan yadin ka ga yadda zai zauna, ka ja layin tsakiya guda daya dogo ta baya wanda duk daurin da zaka yi shi zai bi. A karshen kowane kashi ka sa mashin ya dinka 'yar alamar giciye, kashi na gaba ya fara da irin ta, ka sauke allura da hannu ka tabbatar ta fada kan alamar kafin ka tayar. Mahadar ka boye ta a inda ganye ya hau reshe, kar ka raba a tsakiyar fulawa. Biron nan mai gogewa da ruwa bana sa shi a fuskar satin, alli ta baya ko zaren alama ya fi. Ragowar yadin kuma kar ka bar shi yana reto, nauyinsa na jan firem, ka nade shi ka kama da 'yan makalai masu laushi, ka jawo tebur kusa ya dauki nauyin, kuma mutum daya ya tsaya a kai yana kallo kar wani gefe ya shige karkashin allura.

In aka dauke wuta ana tsakar aiki kar ka taba firem, yawancin mashinan nan suna tuna inda suka tsaya, ka tayar da janareto ka koma baya da dinki kamar goma ka ci gaba. Amma kar yadi ya kwana a daure, in ka san ba zaka gama kashin ba yau gara kar ka fara shi.

Duk wannan sai ka gwada a kyalle tukuna, na yadin kwastoman kansa da sitif iri daya, ka cire daga firem ka ajiye shi ya huta ka gani ko zai tattare, shi yasa nake cewa a karo rabin yadi tun wajen saye.

In an gama, ka dan dumama gefen mai gam din da dutsen guga ya saki, ka daga shi sama ka yanke kana barin kamar rabin santimita a kewayen aikin, satin yana fuskantarka don ka ga inda almakashi ke bi, kusurwoyi ka zagaye su. Guga ta baya a kan tawul mai laushi don aikin ya taso. Wajen bayarwa ka nade shi a kan kwalin da ake nado yadi maimakon ninkewa, ka kuma fada wa Hajiya a wanke da hannu a ruwan sanyi, banda matsewa, a shanya a inuwa.