Yadda ake jawo likitoci da ma'aikatan jinya zuwa asibitocin tsofaffin sojojin Amurka

Ma'aikatar VA mai kula da tsofaffin sojojin Amurka tana da manyan asibitoci sama da 170, kuma mutum kusan miliyan 9 ne suka yi rajistar jinya a hannunta. Sau da yawa albashinta bai kai na asibitocin kuɗi ba, musamman ga ƙwararrun likitoci, saboda haka jami'in ɗaukar ma'aikata ba zai dogara da tallar gurbi a USAJOBS, shafin neman aikin gwamnatin tarayya, kaɗai ba.

A fara da waɗanda ke cikin gida. Tun 1946 VA ta ƙulla alaƙa da makarantun koyon likitanci, har kusan kashi 70 cikin 100 na likitocin ƙasar sun yi wani ɓangare na horonsu a asibitocinta. A tuntuɓi masu horon shekara guda kafin su gama, don wanda aka bari sai watan ƙarshe ya riga ya sa hannu a wani wuri. Kada a manta da sojojin da suka yi aikin jinya a fagen daga; sun san harshen majinyatan nan, kuma an ware musu gurabe.

A faɗi moriyar aikin dalla-dalla tun a zaman farko. Shirin EDRP yana iya biyan bashin karatu har dala 200,000 cikin shekara 5, amma a guraben da ke wuyar cikewa kawai, don haka a tabbatar kafin a yi alkawari. Lasisin jiha ɗaya ya isa a yi aiki a kowane asibitin VA. Idan aka kai ƙara kan kuskuren jinya, gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar nauyin.

Inda aka fi yin asarar mutane shi ne tsakanin amsa tayi da ranar kama aiki. Akwai tantance takardu a manhajar VetPro, da ɗaukar hoton yatsu, da binciken tarihin mutum, da gwajin lafiya. In aka jera su ɗaya bayan ɗaya sai a kwashe watanni, wani asibiti ya yi wuf ya ɗauke mutumin. A tayar da su gaba ɗaya rana guda, a sa ma'aikaci ɗaya ya riƙa kiran mutumin kowane mako yana gaya masa takardar da ta rage. A bincika maganar zama ɗan ƙasa da wuri, domin ba a ɗaukar baƙo sai an rasa ɗan ƙasa da ya cancanta.

Wurin ganawa, takardar shaida ba ta isa ba. A tambayi mai neman aikin abin da ya sani kan firgicin bayan yaƙi, da raunin ƙwaƙwalwa daga fashewar bam, da cututtukan hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanonin soja da dokar PACT ta 2022 ta shigar cikin jinya. A sa shi ya nuna, da bakinsa, yadda zai tambayi tsohon soja ko yana tunanin kashe kansa, da inda yake ajiye bindigarsa a gida.