Makunnin rage haske: inda ake yawan yin kuskure a tsoffin gidajen Makka

Makunnin rage haske, wanda masu shago ke kira dimar, ƙaramin abu ne, shi ya sa kowa ke ganin zai ɗaura shi da sukundireba tsakanin La'asar da Magariba. Na sha shiga gidajen 'yan uwa a Hindawiyya da Shari' Mansur ina gyara abin da wannan gaggawar ta ɓata.

Kuskure mafi muni tun kafin a kwance makunni ake yin sa: ba a san irin wutar gidan ba. Tsoffin gidaje da yawa a Saudiyya har yanzu suna kan tsarin wuta mai ƙarfin volt 127 da 220, duk da cewa tun 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa 230. A irin wannan gida, daga wayoyi biyu masu wuta ake samo 220 ɗin, babu nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a cikinsu. Sai mutum ya je tablon, wato akwatin da ke rarraba wutar gidan, ya sauke bireka guda, fitila ta mutu, ya saki jiki, alhali ɗaya wayar tana nan da wutarta. Haka ta faru da wani dattijo maƙwabcina. Na tarar da shi zaune yana murza yatsu, ya ce, "Ɗana, wallahi na kashe ta." Na ce, "Baba, rabinta kuka kashe." A sauke babban makunnin tablon ɗin gaba ɗaya, sannan a ɗora abin gwaji a kan kowace waya, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba shi da mitar gwajin wuta, ko bai iya karanta ta ba, ya kira mai gyaran wuta. Dimar ɗin da aka ƙera don 127 idan ya sha 220, ƙonewa zai yi. A duba bayan kwalin kuma a ga ya karɓi 60Hz, domin wutar Saudiyya sau 60 take bugawa a daƙiƙa, ta Najeriya da Sudan kuwa 50.

Kada launin waya ya ruɗe ka. Na ga ja, na ga baƙi, na ga ruwan ƙasa, duk suna ɗauke da wuta, ya danganta da wanda ya yi wayarin gidan da abin da ya samu a kasuwa ranar. Ɗauki hoton haɗin da wayar salularka kafin ka kwance komai. Wayar da ke kawo wuta ta shiga ramin da aka rubuta L ko COM, mai zuwa fitila ta shiga L1. Idan fuskar dimar ɗin ƙarfe ce, wayar ƙasa dole a haɗa ta.

Sai maganar ƙwai. Yawancin ƙorafin "dimar ɗin nan jabu ne", in ka bincika, ƙwan ne ba ya ragewa. Ƙwan LED sai wanda aka rubuta a kwalinsa cewa ana iya rage haskensa, in ba haka ba zai riƙa ƙiftawa, ko ya yi ta zizan da ke hana barci. Tsohon dimar kuma don ƙwai masu zafi aka yi shi, yana buƙatar nauyin wat mai yawa kafin ya daidaita. Ƙwan LED biyu masu wat 7 ba sa isarsa. A nemi dimar na LED, a kuma bi adadin wat ɗin da aka rubuta masa na LED, wanda ya yi ƙasa sosai da babban adadin da ke gaban kwali.

Fanka ba ta shiga dimar. Tana da nata abin rage gudu, in aka haɗa ta da na fitila injinta zai yi ta gurnani yana zafi. Soket ma haka.

Fitilar bene ko ta dogon falo mai makunni biyu, dimar na murɗawa guda ɗaya ake sawa, ɗaya gefen ya zauna da makunninsa. A tabbatar dai dimar ɗin mai rami uku ne.

Akwatin bango ma yana ba da matsala. Bayan dimar ya fi na makunni kauri, sai a danna shi da ƙarfi, waya ta suɓuce ko rigarta ta yage. Ja kowace waya kaɗan bayan ka ɗaure, kada tagulla ta leƙo. Ɗan ɗumi a fuskarsa ba komai ba ne, amma idan hannu ba ya iya zama a kai, ko ka ji ƙaurin roba, sauke babban makunnin tablon a sake buɗewa.