Yadda Ake Fara Koyar da Jita a Zumuntar Matasan Ikkilisiya

A yawancin majami'un ECWA, COCIN, HEKAN da EYN, kibod da ganguna ne ke riƙe da sujadar Lahadi. Amma da Nepa ta ɗauke wuta, janareto kuma ba mai, sai wuri ya yi tsit. Jita ba ruwanta da wannan. Ana rataya ta a baya a hau acaɓa, a je gaisuwar asibiti, gidan makoki, bishara a ƙauye ko taron FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, a makarantar kwana. Shi ya sa shugaban matasa da ke son yara su riƙa zuwa zumunta da ƙafarsu ya kamata ya yi tunanin buɗe ajin jita.

Fara da fasto da dattawa, tun kafin ka sayi komai. Har yanzu akwai iyayen da jita ke tuna musu da kiɗan gidan giya, kuma ba za ka canza musu ra'ayi da gardama ba. Ka je da ladabi ka ce, "Baba Rabaran, muna neman izini mu koya wa yara kaɗa waƙoƙin sujada." Zabura 33 ta ce a raira sabuwar waƙa, a kaɗa da gwaninta, a 1 Sama'ila 16 kuma Dawuda ya kaɗa wa Saul garaya har ya sami sauƙi. Abin da ya fi saurin sauko da dattijo dai shi ne ya ji an kaɗa masa waƙar da ya sani daga Littafin Waƙoƙi, a hankali, yana bi da baki.

Sai neman jita. Guda ɗaya ko biyu sun isa, kuma ta hannu ma ta yi. In za ka saya, duba wuyanta ya miƙe, wayoyin kuma kada su yi nisa da katakon, domin jita mai wayoyi a sama ita ke korar sabon ɗalibi. Mai wayar roba ta fi taushi ga yatsa, mai wayar ƙarfe ta fi ƙara a cikin taro. Ka sayi wayoyin canji tun yanzu, siririyar nan ta ƙasa ba ta da alƙawari.

Darasin farko saiti ne. Wayoyi shida ne, daga mai kauri zuwa siririya: E, A, D, G, B, E. Akwai manhajojin saiti na kyauta a wayar hannu. Kowane yaro ya saita da kansa kafin ya kaɗa, har kunnensa ya soma gane wayar da ta kauce.

Daga nan kod uku kawai, wato haɗin sautin wayoyin da ake kaɗawa tare: G, C da D. Duk wanda ya taɓa shiga kwaya ya san do, re, mi, to ka gaya masa G ita ce do, C ita ce fa, D ita ce so. Nan take za ka ga fuska ta washe. Da waɗannan ukun ana raka korus da dama da muke yi da Hausa, in ka ƙara Em, wato la, sai ƙofar ta ƙara buɗewa. Matsalar ba riƙe kod ba ce, sauyawa daga wannan zuwa wancan ba tare da hannun dama ya tsaya ba. Ka sa su yi G sau huɗu, C sau huɗu, su koma, a hankali sosai, suna ƙirgawa da baki. A danna waya da kan yatsa, dab da ƙarfen da ke wuyan jitar, a kuma yanke farcen hagu. Za su yi kukan zafin yatsu a makonnin farko. Ka faɗa musu tun wuri cewa kanta za ta fito zafin ya wuce, kuma minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Kada ka bar su mako biyu ba waƙa. A ranar farko ma su raira wani abu, ko da kod ɗaya ne.

Salon kiɗa kuwa, ka kai su wurin Zumuntar Mata su saurari yadda tulu da kacau-kacau ke tafiya, hannun dama ya kwaikwayi wannan. Yaron da ya koyi bugu daga YouTube kaɗai yakan ja waƙar Hausa ta inda ba ta saba bi ba, sai ka ga iyaye mata sun yi shiru suna kallonsa. In waƙa ta yi wa jama'a ƙasa, a sa kafo, ɗan maƙalin nan da ake ɗaurawa a wuyan jita: a gida na biyu, wato tsakanin ƙarfe na farko da na biyu, G ta koma A, yatsu ba su canza ba. Muryar jama'a ake bi, ko da makaɗin ya fi son wani ki, wato wani matakin sauti.

Bayan wata biyu ko uku, ka ba su aiki. Su fara da addu'ar matasa ta tsakiyar mako, sannan waƙar baiko ranar Lahadi. A nan hidimar take. A buɗe kowane aji da addu'a da karanta kalmomin waƙar, a tambayi yaro abin da ya fahimta. 'Yan mata su riƙe jita kamar kowa, kada a ce nasu amshi ne kawai. Wanda hannunsa ya fi faɗawa, ka ɗora masa koyar da na baya, hakan yana rage masa ɗagawa. A tashi kafin duhu saboda iyaye, kuma a sami babba na biyu a wurin kullum.

Jitar ikkilisiya ce, don haka a ajiye littafin aro: suna, ranar ɗauka, ranar dawowa. Da hunturu katako kan bushe ya tsage, sai a riƙa mayar da ita cikin jakarta, nesa da taga da zafin kwano, a goge wayoyin da ƙyalle bayan kowane kiɗa don gumi kada ya sa su tsatsa.