Shawara ga masu neman gwajin otizim ko ADHD a Ingila

'Yan'uwa mazauna Ingila, idan likitan unguwa zai tura ku gwajin manya na otizim (yanayin da ke shafar mu'amala da sadarwa da mutane) ko ADHD (matsalar rashin tattara hankali da yawan motsi), ku ce masa kuna son amfani da tsarin Right to Choose, wato 'yancin zaɓar inda za a duba ku.

Doka ta ba ku damar zaɓen duk cibiyar da ke da kwangilar yin wannan gwaji da NHS (hukumar lafiya ta gwamnati), ko da mai zaman kanta ce, kamar Psychiatry UK, kuma ba za ku biya ko kwabo ba. A yankuna da dama layin asibitin gwamnati yakan ɗauki shekaru, shi ya sa wannan hanya take rage jira.

Ku tafi da sunan cibiyar da kuka zaɓa, tare da takardar tambayoyin AQ-10 (ta otizim) ko ASRS (ta ADHD) da kuka riga kuka cike.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne magani. Kafin a tura ku, ku tambayi likitan ko zai yarda ya ci gaba da rubuta maganin ADHD bayan cibiyar ta daidaita muku shi, domin wasu likitocin suna ƙi.

Tsarin ba ya aiki a Sikotlan, Wales da Arewacin Ireland.